Buɗa-Bakin Muttaka

Larai tana tauna kan asuwakin, tana tofar da ɗacin a gindin bango. Reshen bedi ne ɗanye, kaurin ƙaramin yatsa, wanda ta karyo da la'asar a ƙofar gida. Ba don bakinta take taunawa ba. Nata haƙoran sun daɗe da fara watsewa, waɗanda suka rage kuwa ba ta da lokacinsu. Takan yi ta tauna har kan icen ya yi laushi kamar gemun masara, ɗacin duk ya ƙare a kan harshenta, sannan ya cancanci shiga bakin ƙanenta Muttaka.

Shi kuwa yana kwance a tabarma, kansa bisa cinyarta, kunnensa na wajen masallaci. Furfura ta cinye masa gemu, amma idanunsa na nan irin na yaron da aka ce wa jira nan, ina zuwa. Hannayensa a lanƙwashe suke a ƙirji tun ranar da aka haife shi, ƙafafunsa ba su taɓa ɗaukarsa ba. Bakinsa a datse, muƙamuƙi ya hau muƙamuƙi.

Ladan ya gyara murya a lasifika. Jikin Muttaka ya ɗauki rawa. Larai ta bari aka kai ƙarshen kabbarar farko, sannan ta sunkuya.

"An kira, Muttaka. A buɗa baki."

Ya wangale shi kamar ɗan tsuntsun da ya ji fiffiken uwarsa. Ta shiga da sauri, sama da ƙasa, gaba da gefe, ta goge dasashi da ƙyalle mai ɗumi, ta kwashe sauran kunun da ya maƙale. Kafin ladan ya sauke ta gama. Sai lada. Ta ɓare dabino guda, ta cire ƙwallon, ta ɗora masa a harshe. Ya tura shi kuncin hagu, inda yake ajiye shi kullum, ya lumshe ido. A nan dabinon zai kwana, yana tsotsa a hankali har barci ya ɗauke shi.

A Daudawa aka haife su, a gidan manomin auduga. Larai ce babba, sai Muttaka, sai autansu Kamilu. Muttaka bai wuce goyon baya da yawa ba aka ce rashin maganarsa beli ne, aka kira wanzami. Maza suka danne shi a zaure, aka ɓamɓare bakin da ƙarfi, aka yanke abin da za a yanke. Magana ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne, tun daga ranar, duk hannun da ya doshi bakinsa sai muƙamuƙin ya kulle. Kunu ma ta tsakanin haƙora yake zuƙa daga bakin ludayi. Bakin ya yi ta ɗoyi har yara suka daina zama ta inda iska ke kaɗowa daga wajensa.

Innarsu ce ta gano ƙofar, a wani watan azumi. Ana zaune a tsakar gida, kowa da dabinonsa a hannu, aka kira magariba, uban ya ce a buɗa baki. Sai ga Muttaka daga kan tabarmarsa ya wangale nasa, shi ma yana jiran rabonsa kamar kowa. Inna ba ta yi guɗa ba, ba ta gaya wa kowa ba. Washegari ta zo da asuwaki a hannun dama, dabino a hagu. Azumi ya wuce, aka yi salla, amma a tabarmar Muttaka watan bai taɓa ƙarewa ba. Mutanen unguwa suka sa masa Mai Azumi, suna dariya, sunan ya bi shi.

Da Inna ta ji jikinta ya ƙi, ba kwalla ko zane ta kira Larai ta ba ta ba. Reshen bedi ta miƙa mata, ta ce ta tauna. Larai ta tauna, ta yamutse fuska, hawaye ya zubo don ɗaci. Inna ta ce ta ci gaba. Ta koya mata kalmomin, ta kuma ja mata kunne a kan abu guda: kada ta taɓa faɗarsu sai an kira da gaske, domin Muttaka ba shi da wata dukiya a duniya sai yarda.

A lokacin Larai tana aure a Damari, gidan Malam Gide. Shi da kansa ya je ya ɗauko Muttaka, ya shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu. In abokai suka tsokane shi sai ya ce, "Ni da na iya ciniki? Mata guda na biɗa, aka ba ni da gyara." Haihuwa ta zo wa Larai, ba ta zauna ba. Ta binne ta dawo, ta karyi bedi. Ranar da aka yi sadakar uku ma ba ta bari magariba ta wuce ba. Bikin dangi, ta'aziyya a Mairuwa, ko'ina ta je, rana na karkata za ka ga ta fara neman takalmanta. Har aka daina riƙe mata mayafi.

Sai shekarun nan suka zo, da gona ta zama wurin da mutum kan yi sallama da iyalinsa sosai kafin ya tafi. Malam Gide ya tafi yankan dawa, bai dawo da ƙafarsa ba. Kamilu, wanda yanzu ya zama Alhaji, mai sayen hatsi a Ƙanƙara, ya aiko mota ta kwashe su. Ya ba su ɗakin baya, kusa da turken awaki. Tuwo bai taɓa yanke musu ba, wannan kowa ya shaida. Matarsa Barakatu takan ajiye kwano a bakin ƙofa ta ce, "Sannu, Yaya Larai," tana numfashi ta cikin mayafi. Alhaji kuwa yakan leƙo da safe ya ce, "Mai Azumi, an tashi lahiya?" daga tsaye. Tabarmar ba ta san nauyinsa ba.

Da kakar bana warin bakin ya sake. Larai ta san warin ƙanenta kamar yadda manomi ya san ƙasarsa, wannan baƙo ne. In asuwaki ya doshi can ƙuryar hagu sai Muttaka ya zabura. Ta leƙa, amma hasken magariba ba haske ba ne, idonta kuma ya fara yana. Ta sa kanumfari, ta ɗiga ruwan gishiri, ta karɓo tofi. Kuncin ya ci gaba da tashi kamar ya ɓoye lemo a ciki. Ya daina zuƙar kunu. Da kumburin ya hau har ya fara rufe idon hagu, ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin Alhaji, ba ta ce komai ba, ba ta kuma tafi ba, har ya ɗauki makullin mota.

A ɗakin duba haƙori akwai wata doguwar kujera mai kwanciya, da fitila a bisanta kamar idon maciji. Muttaka na ganinta ya sandare. Ma'aikaciyar wurin, wata matashiya mai suna Najiba, ta dube shi, ta dubi kujerar, ta kashe fitilar. Ta fita ta dawo da tabarmar sallarta, ta shimfiɗa a ƙasa.

"Malam Muttaka, sannu da zuwa," in ji ta. Ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da tasa. Sannan ta juya. "Mama, ki zauna yadda kike zama a gida. Yaya kike yi mashi?"

Shekara arba'in da ɗoriya, ba wanda ya taɓa yi wa Larai wannan tambaya. An sha ce mata sannu, an sha ce mata Allah ya ba da lada, amma yaya kike yi, yau ta fara ji. Ta zauna, ta ɗora kansa a cinya, ta soma bayani, muryarta na ƙara ƙarfi. Ta faɗi bedin, ta faɗi ƙyallen, ta faɗi kiran salla. Najiba tana gyaɗa kai, har da murmushi. Da aka zo kan dabino sai murmushin ya tsaya.

"Dabinon, kahin asuwaki ko bayan shi?"

"Baya mana, ɗiyata. Ai lada ce. Wa ke ba da lada kahin aiki?"

"Yana haɗiyewa?"

"Ina hwa. Ajiye shi yake, shi kwana da abinshi."

"A wane kunci?"

Larai ta ɗaga hannu za ta nuna. Yatsanta ya tsaya a kan kumburin. Ta daɗe tana kallon yatsan.

"Dabino hwa," ta ce a hankali. "Abin sunna."

"Dabino ba shi da laihi, Mama. Kwanan da yake yi a wurin ne. Zaƙi in ya kwana bisa haƙori, ci yake. Ke kau da ba ki goge sauran ba, da yanzu babu ko ɗaya a bakin nan. Na rantse miki ban taɓa ganin mai irin lalurarshi da haƙoran gaba haka ba."

Larai ba ta ji rabin maganar na ƙarshe ba. Alhaji Kamilu ma bai ji ba. Yana jingine da ƙofa, waya a hannu, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"To, Yaya. Kullum ba a isa a taɓa miki shi ba, ke kaɗai kin iya. Ashe ke ce ke ruɓar mashi da baki."

Ba ta ɗago ba. Ta gyara wa Muttaka hula.

Likitan ya shigo. Ba mazaunin garin ba ne, rana guda yake zuwa a mako, kuma dole ya kama hanya kafin la'asar, don ba mai hankalin da zai bari yamma ta same shi a wannan titin. Ya taɓa kuncin, ya taɓa wuya, ya duba idon. Ya ce haƙorin ne, kuma ruɓar ta fara neman hanya. In ta sauka maƙogwaro, magana ta ƙare. Ko dai a cire yau a nan, ko a wuce da shi Katsina yanzun nan, a sa shi barci a cire bai sani ba.

"A tahi Katsina, Alhaji," in ji Larai.

"Yaya, ina da lodin masara, motoci na jirana. In an je can kwana nawa za a yi? Wa zai zauna? Haƙori guda hwa." Ya dubi likita. "Ba buɗe baki ne matsalar ba? Ai da sauƙi. Kiran salla yake jira. Ga shi nan cikin wayata."

"Rana tsaka, Alhaji?"

"A saki labule."

Najiba ta ce, "Alhaji, in aka yi mashi haka, ƙila ba zai sake yarda ba. Ni zan iya zuwa gida da magariba in..."

"Ke za ki cire haƙorin?"

Cire haƙori kuwa ba aikinta ba ne. Likitan ya dubi agogo, ya dubi Larai, ya ce shi ba zai tilasta wa kowa ba, amma ba ya son mutumin nan ya ƙara kwana haka.

Larai ta dubi fuskar da ke cinyarta. Ido ɗaya ya rufe. Ɗayan yana kallonta, ba tsoro a cikinsa, don tana nan. Ta tuna Inna da reshen bedi a hannu. Ta tuna a gidan wa take kwana. Ta sa hannu a wuyansa ta ji zafin kamar murhu.

"Ku saki labulen," ta ce.

Ɗakin ya yi duhu-duhu, irin na ƙarya, mai rana a gefe-gefensa. Alhaji ya danna wayar. Muryar wani ladan da ba su sani ba ta cika ɗakin, mai daɗi, ta fi ta ladan unguwarsu nesa ba kusa ba. Jikin Muttaka ya ɗauki rawa. Amma bai buɗe ba. Bai yarda da muryar ba, bai yarda da duhun ba. Ya juyo da idonsa guda, ya ɗora a kan Larai, yana tambaya.

Ta sunkuya.

"An kira, Muttaka. A buɗa baki."

Ya buɗe, duk da kumburin, duk da zafin, iyakar abin da muƙamuƙin zai iya. Har harshen ya miƙo.

Najiba ta zura wata 'yar roba tsakanin haƙoran don kada ya rufe. Allura ta shiga. Aka jira. Ƙarfe ya shiga. Hannun likitan mai sauƙi ne, bai daɗe ba, Najiba kuma tana ta faɗin, "Sannu, Malam Muttaka, saura kaɗan." Muttaka bai yi ihu ba, bai fizge ba. Idon nan dai bai bar fuskar Larai ba, har aka fito da baƙin haƙorin aka jefa a tasa. Wayar Alhaji tana ta kiran salla, ya manta bai kashe ba. Da aka zare robar, abin da aka ɗora masa a gurbin dabino auduga ce, irin wadda ubansu ya ƙare rayuwarsa yana nomawa.

Kumburin ya saɓe. Idon ya buɗe. Kafin mako ya zagayo ya koma zuƙar kunu, Alhaji yana gaya wa mutane a kasuwa dabarar da ya yi da waya, ana dariya ana cewa kai Alhaji.

Larai kuwa kullum da la'asar takan karyo bedi, ta tauna, ta tofar. Ladan unguwa ya kira, na gaske, rana ta faɗi da gaske. Ta sunkuya ta faɗi kalmomin. Muttaka ya datse baki, ya juya fuska bango. Ta kai dabinon har leɓensa, ta kai shi hancinsa. Ta ce, "Wallahi an kira. Ji mana. Malam ne, namu." Ta ɗaga labulen ƙofa don ya ga jan sararin. Ya gani. Bai buɗe ba. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Takan ajiye asuwakin a kan taga, gobe ta ƙara wani a gefensa, har suka taru suka bushe. Tsohon warin nan na Daudawa ya fara dawowa.

Najiba ta cika alkawari. Wata ranar Alhamis ta zo gab da magariba, da ɗan ƙaramin buroshi mai laushi irin na jarirai, ta naɗe mariƙinsa da robar tayar keke ya yi kauri, ko wata rana hannun Muttaka zai iya damƙa. Ta zauna a tabarma ta ga yadda abin yake. Aka kira, Larai ta faɗa, ya juya bango. Najiba ta gwada da tata muryar, ya ƙara dunƙulewa. Ya gane ta.

Sai ga Barakatu ta kawo kwanon tuwo. Ta ajiye a bakin ƙofa, ta ga an yi jugum, ta ce cikin wasa, don dai kada ta tafi ba ta ce komai ba, "Kai Mai Azumi, an kira hwa. Ba ka buɗa baki, ko sai an kawo maka ƙosai?"

Muttaka ya juyo. Ya dubi matar da ba ta taɓa yi masa komai ba, alheri ko ƙarya. Leɓensa ya motsa. Bakin ya fara buɗewa.

"La ilaha," in ji Barakatu, ta ja da baya. "Ni? Ni ban iya ba. Wallahi zuciyata tashi take."

"Shigo, Hajiya," in ji Najiba, murya ƙasa-ƙasa. "Zauna nan. Ni zan riƙe miki hannu."

Barakatu ta dubi Larai. Larai ta zame cinyarta daga ƙarƙashin kansa, ta matsa, ta nuna mata wurin. Barakatu ta zauna a ɗarare, ta ja mayafi kan hanci, sannan ta ji kunya ta sauke. Larai ta miƙa mata asuwakin da ta gama taunawa, mai laushi kamar gemun masara. Barakatu ta kalli jiƙaƙƙen kan icen, hannunta ya tsaya a iska.

"Yaya, ko in yi da na asibitin?"

Larai ta janye hannunta.

"Yi da shi," ta ce. "Ba shi da ɗaci." Ta ɗauko dabinon ta ɓare, ta sa a tafin Barakatu. "Wanga shi za ki fara ba shi. Ki jira shi shanye, ki ba shi ruwa, sannan ki goge. Kada ki bari shi kwana da shi. Hagu a hankali. Ki riƙe mashi haɓa, ba goshi ba, ba ya son a taɓa mashi goshi. Kuma kada ki taɓa..." Ta tsaya. "Ki dai jira sai an kira."

Barakatu ta kai dabinon. Amma jin muryar Larai ya sa Muttaka ya waiwayo, bakin ya koma ya datse. Barakatu ta sake faɗin kalmomin, ya ɗan buɗe, ya saci kallon gefen da Larai ke zaune, ya rufe. Ladan yana gab da saukewa.

Najiba ba ta iya haɗa ido da Larai ba. Idonta a kan tabarma ta ce, "Mama... ke yake kallo."

"Na gani, ɗiyata."

Ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta kwashe busassun asuwakan da ke kan taga, ta haɗa da na yau a hannu guda. Ba ta dubi tabarmar ba, don ta san in ta duba shi ma zai duba. A bayanta ta ji Barakatu tana cewa, "Yawwa, Mai Azumi, haka, ƙara kaɗan," da wata murya da Larai ba ta san tana da ita ba.

Ɗacin bedin yana nan a harshenta, bai gama sauka ba. Ta haɗiye shi, ta ɗaga labule, ta fita.